Ƙullin Igiyar Ilu Kafin-Ɗigo

A unguwarmu ta bayan tasha a Dutsin-Ma, in mace za ta shanya tsaba ko kuɓewa, ba ta duban sama. Sai ta leƙa ta kan katanga ta ga filin Ilu mai wanki. In igiyarsa cike take da kaya, sai ta baza tabarmarta hankali kwance. In ta ga yana kwashewa, ita ma sai ta kwashe, ko da rana na ƙwallewa kamar za ta fasa dutse. Shekara ashirin da takwas yana wanki da guga, ruwan sama bai taɓa dukan kayan mutane a hannunsa ba. Shi ya sa ake ce masa Ilu Kafin-ɗigo, kuma yana son sunan nan fiye da yadda yake son fura, alhali yana son fura ƙwarai.

Shagon ɗinkin da nake aiki yana kallon filin nasa. Labarinsa a guntu-guntu na ji shi, tsakanin hura gawayin dutsen guga da ninke riga, domin Ilu ba ya magana hannunsa na zaune.

Mutumin Barkiya ne, ta ƙasar Kurfi. Yana saurayi ya zo Dutsin-Ma cin rani, ya faɗa hannun wani tsoho mai wanki a bakin dam, ana ce masa Baba Ubaidullahi. Tsohon ya ba shi baho da sabulu ya ce ya gwada na mako ɗaya.

"Na zo cin rani," in ji Ilu, "rani ya cinye ni."

Bai koma gida da zama ba. Ya auri Rekiya, wadda ke dama masa sitacin rogo har yau, suka haifi 'ya'ya suka aurar. Gonarsa ta gado tana nan a Barkiya, taubashinsa Rabe ke noma ta, su raba amfani da kaka. Rabe ɗan ƙanwar babansa ne, saboda haka tsakaninsu babu kunya babu ragi. In sun haɗu sai mutane su matso kusa don su ji.

Ilu yana da karatunsa game da shanya, kuma ba ya rowar sa.

"Mutane na cewa rana ke busar da kaya," ya taɓa ce mini. "Rana suna ta yi, iska ke shan wahala. Ka ba ni iska mai tafiya ko da gajimare ya rufe gari, in busar maka da babbar riga kafin Azahar. Ka ba ni rana babu iska cikin damina, riga ta wuni tana zufa kamar mai ita."

Ranar bazara kuwa ya ce ɓarauniya ce. Tana busar da shadda kafin ya gama ɗaurayar ta bayanta, amma tana sace launi, don haka atamfa da duk mai kala bai-bai yake shanya su, ko ya kai su inuwar bishiyar bedi. Farare kaɗai yake bari su sha rana son ransu. Da kaka ba ya baza komai a kan ciyawa sai hantsi ya lashe raɓa, kuma ko a lokacin sai ya duba ƙarangiya. Abin da ya fi tsana shi ne marka, lokacin da sama ke yini tana tsiyaya kamar rufin da ya tsufa. A nan kaya ke kwana uku a rataye a zaure suna tsami, farar riga ta fara fitar da ɗigon fumfuna. Wandon jins na ɗaliban jami'a kuwa, ya ce wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa ganin marka ba.

Na tambaye shi sau da yawa yadda yake sanin ruwa na tafe. Sai ya ce tururuwa, ya ce gishirin Rekiya in ya jiƙe a gwangwani, ya ce gwiwarsa. Sai da muka shekara biyu muna hira kafin ya nuna mini igiyar.

Igiyar rama ce, shi ya tufka ta da hannunsa riɓi biyu, yana cusa bakin tufa tsakanin riɓin don kada iska ta ɗauke. Ta tashi daga bedi zuwa turken ƙarfe, ta dawo, ta sake komawa ta dawo, sahu huɗu. Ya ce rama ba ta ɓoye abin da ta ji. In akwai danshi a iska sai ta ɗame ta yi tauri tun ido bai ga hadari ba, in gari a bushe yake sai ta saki jiki. Shi ya sa bai taɓa sayen igiyar roba ba, ya ce ita kurma ce.

A jikin igiyar akwai ƙulli arba'in da ɗaya. Ilu ba ya rubutu a kayan mutane. Kowane gida da yake yi wa wanki yana da gurbinsa tsakanin ƙulli da ƙulli, kuma kowane ƙulli da kamarsa: wani guda, wani tagwaye, wani da jan zare a ciki. Kullum da safe yakan bi igiyar da hannu, ya taɓa ƙulli ya ambaci mai shi da yawan kayansa ƙasa-ƙasa, ya wuce na gaba. A tafiya ɗaya ya ji labarin sama, ya kuma tuna kayan kowa.

Daminar da abin ya faru, ruwa ya sauka da kyau, aka yi shuka, aka yi noman farko, sai sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana goma sha biyar. Gero ya yi yaushi, ganyensa ya fara naɗewa. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Igiyar Ilu kuwa kullum cike take, kaya na bushewa ƙayau, domin mai wanki ba shi da abin yi da fari sai shanya.

Ranar kasuwa Rabe ya shigo gari, ya tsaya a teburin mai shayi da ke bakin filin, ya ɗaga murya yadda taubashinsa zai ji.

"Sarkin Kumfa! Kai kaɗai ke dariya a ƙasar nan."

"Mutumin ƙauye, an shigo? Ka zo da rigar taka guda ɗaya in wanke, ko har yanzu tana tsaye da kanta?"

"Ku ji shi! Jama'a, kuna ta roƙon ruwa, ga wanda ya ɗaure shi nan ƙarƙashin bedi. Ku je ku ƙirga ƙullin igiyarshi. Kullum da safe bin su yake ɗaya bayan ɗaya yana tofi."

Aka yi dariya, har da Ilu. Rabe ya shanye shayinsa, ya bar rigar Juma'arsa a wanke masa, ya hau mashin ya koma Barkiya. Maganar ce ba ta koma ba. Ta shiga kasuwa, ta zaga gari, ta dawo da ƙaho da wutsiya. Wanda gonarsa ke ƙonewa ba ya jin wasa a matsayin wasa. Wani ya ce shi ma ya taɓa ganin bakin Ilu na motsi a kan ƙulli. Wani ya ce to dama ta yaya mutum zai shekara ashirin da takwas ruwa bai taɓa shanyarsa ba?

Cikin mako guda gidaje shida suka aiko aka karɓe kayansu, wasu ko wankewa ba a yi ba. Mata suka daina leƙen filin. Wani dattijo ya wuce, maimakon sallama sai ya ce, "A dai ji tsoron Allah, Malam Ilu." Duk wannan ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne ranar da ya tsaya sallar Azahar, mutumin da ke damansa ya ɗan ja jiki, ya bar tazarar tafin hannu tsakanin kafaɗunsu. Ilu ya dawo ya zauna a kan baho, gawayi ya cinye a dutsen guga bai goge ko hula ba.

"Gerona ma yana can yana mutuwa," ya ce mini. "Wa zai ɗaure ruwa ya ɗaure tuwonshi?"

Ranar Talata Mai'unguwa Sabitu ya zo da kansa, da ƙullin kaya a hammata. Mutum ne mai jiki da sanyin hali, ba ya son hayaniya.

"Ilu, ni ban yarda da zancen nan ba," ya ce. "Amma hankalin mutane ya tashi. Jibi Alhamis bayan La'asar zan zo da dattawa, a kwance ƙullin nan gaban kowa, magana ta mutu."

"Ranka ya daɗe, a kwance mana. Igiya ce."

"Madalla. Ga rigata ta Juma'a. A sa sitaci kamar na wancan karon, kada ya yi yawa."

Ranar Alhamis bayan sallar Asuba, Ilu ya ɗora hannu a kan igiya, ya ji ta ɗame kamar tsarkiyar baka. Ya shiga gida da sauri ya buɗe gwangwanin gishiri, ya tarar ya dunƙule.

"Rekiya, yau akwai ruwa! Kafin Magariba, in Allah ya so."

Rekiya tana dama sitaci. Ba ta ɗago ba.

"Alhamdu lillahi. To Malam, in aka kwance ƙulli da La'asar, ruwa ya sauko da Magariba, mi za a ce?"

Ilu ya rufe gwangwanin. Ya gane. Za a ce an kwance, ruwa ya samu hanya, kuma har jikokinsa sai an nuna su da baki.

"Sai in hana a kwance har ya sauko," ya ce.

"In ya taso kuma ka kwashe kayanka kamar kullum, a ce ya gama shanyarshi ya saki ruwa."

"To mi kike so in yi?"

"Ka bari ya dake su."

"Rekiya! Shekara ashirin da takwas!"

"Ni na dama sitacin shekarun, na san yawansu. Suna biyu ke rataye a igiyar nan, Malam: Kafin-ɗigo da Mai-ɗaure-ruwa. In ka kwashe ɗaya, ka kwaso ɗayan."

Ya ce mini ya fi minti goma yana kallon murfin gwangwanin. Daga nan ya fita ya wanke duk abin da ke hannunsa, ya sa bula, ya sa sitaci, ya cika igiya sahu huɗu. Rigar Mai'unguwa fara sol ya sa ta a tsakiya.

Ranar ta yi zafi mai nauyi, ganye ko motsi ba ya yi. Da aka sallame La'asar babu komai a sama sai wani ɗan baƙi can gabas, wanda bai fi faifai ba. Mai'unguwa ya iso da dattawa biyu, Alhaji Mutawakkil mai hatsi da Malam Munzali, mutane na biye da su. Mu ma muka rufe keken ɗinki muka fito. Rabe ya zo tun daga Barkiya, ya ji inda wasansa ya kai, fuskarsa kamar wanda ya fasa tulun surukarsa.

"Jama'a, ni na faɗi maganar nan," ya ce. "Wasan taubasai ne, wallahi."

"Wasa ma da gaskiya a cikinshi," wani ya amsa daga baya.

Ilu ya saci kallon gabas. Faifan ya zama tabarma, amma da sauran tafiya. Sai ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, kafin a kwance ina da roƙo. Kowane ƙulli da mai shi. In aka kwance ban bi su ba, kaya za su cakuɗe, gobe wani ya tafi masallaci da wandon wani. Ku bari in bi su kamar kullum. Yau zan ɗaga murya, kowa ya ji tofin."

Mai'unguwa ya ce wannan daidai ne. Ilu ya kama ƙulli na farko.

"Gidan Alhaji Mutawakkil. Riga biyu, wando uku. Ɗaya wandon an ƙara mashi ƙyalle a ƙugu tun bayan Sallah, kuma ƙyallen ma ya fara neman taimako."

Dariya ta ɓarke. Alhaji Mutawakkil ya shafa cikinsa ya ce albarka ce.

"Ƙulli mai jan zare, Malam Munzali. Jallabiya biyu. A aljihun dama kullum sai na tsinci ɓawon gyaɗa, shi da ya ce mana likita ya hana shi."

"Ta jikoki ce!" in ji Malam Munzali.

"Jikokin nan suna da dogon hannu, Malam."

Haka ya bi su, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya faɗi mai hular da ta fi shekarun ɗansa na fari, da mai zuba turare a riga don kada a kawo wanki da wuri. Bai faɗi abin da zai zubar da mutuncin kowa ba, ya san inda ake tsayawa. Da ya zo kan ƙullin gidajen da suka karɓe kayansu, sai ya taɓa ya ce, "Wannan gurbi a buɗe yake, yana jiran masu shi," ya wuce. Mai'unguwa ya ce a ɗan hanzarta, mutane suka ce a'a, a bar shi ya bi a sannu, kowa na jiran ya ji na maƙwabcinsa. A ƙulli na ashirin da uku aka zo kan Rabe.

"Riga ɗaya. Ita ce dai. In na wanke ta, ruwan sai na kai gona, ya fi taki."

"Allah ya isa, Sarkin Kumfa," in ji Rabe, amma muryarsa ta ɗan dawo.

A ƙulli na talatin iska ta juyo daga gabas, mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Riguna suka kumbura suka fara rawa a kan igiya. Kowa ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin har ta haɗiye duwatsun bayan gari.

Na ga hannun Ilu ya tafi da kansa ya kama bakin wata riga. Shekara ashirin da takwas ba wasa ba ne. Daga ƙofar zaure Rekiya ta yi gyaran murya.

"Malam."

Ya saki rigar kamar ta ƙone shi. Ya je ya kife baho, ya zauna a kan tafukan hannunsa biyu.

Ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon shagonmu, tas.

"Ilu, rigata!" in ji Mai'unguwa. "Gobe Juma'a!"

"Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Ai an ce na ɗaure shi. Ƙulli arba'in da ɗaya, ko ɗaya ba a kwance ba. Ta ina zai sauko?"

Mai'unguwa ya dube shi, ya dubi igiya, sai cikinsa ya fara girgiza da dariya. Wasu sun zabura za su kwashe kayan, ya ɗaga hannu.

"Kowa ya bari! A bar su nan inda suke, kowa ya gani da idonshi."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka yi ta kabbara, wasu suka ruga ƙarƙashin rumfa, wasu suka tsaya a fili suka buɗe hannu. Sitacin Rekiya da bula suka bi ƙasa suna gudu fari da shuɗi. Rigar Mai'unguwa ta lanƙwashe ta manne da wandon Alhaji Mutawakkil. Rabe ya kama wani ƙulli yana ja da haƙori don ya nuna wa mutane ko kwantuwa ba ya yi, ramar ta sha ruwa ta kumbura. Ilu yana zaune a kan bahonsa bai motsa ba, ruwa na bin fuskarsa yana ɗiga ta gemu. Daga baya na tambaye shi ko duk na sama ne. Ya ce in je in tambayi sama.

Aka kwana ana yi. Safiyar Juma'a gari ya tashi lulluɓe, babu rana babu iska, irin ranar da Ilu ya fi tsana. Ya sake ɗauraye kayan, ya hura dutsen guga biyu, ya yi ta bin riguna suna tururi, amma babbar riga mai aiki ba ta bushewa da guga. Rabin unguwa suka tafi masallaci da tsofaffin kaya. Ilu ya kai wa Mai'unguwa tasa da kansa yana ba da haƙuri, ya ce wuyan da hammata da sauran danshi.

Mai'unguwa ya sa ta a haka. A masallaci ya ratsa sahu ya zo ya tsaya a daman Ilu, ya manna kafaɗarsa da tasa sosai. Da aka sallame, rigar Ilu ta jiƙe daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

"Ka ji abin da ka yi mani," in ji Mai'unguwa. "Ilu Sharkaf."

Kafin La'asar sunan ya zagaye unguwa. Gidaje shidan nan suka dawo da kayansu ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa: wannan ya ce dama matarsa ce ta aika, wancan ya ce mantuwa aka yi. Ilu bai tambayi kowa ba, ya mayar da kowa gurbinsa. Mata suka koma leƙen filin ta kan katanga. Har yau in aka kira shi Sharkaf yakan ɓata fuska kaɗan kafin ya amsa, kuma ya ce a rubuta cewa sau ɗaya ne, kuma da saninsa.

Da kaka Rabe ya kawo masa rabonsa na gero a amalanke, da damin sabuwar rama a sama. Ya sauke, ya sha ruwa, ya tsaya daidai inda masu shayi za su ji.

"Sarkin Kumfa, gero ya yi kyau, sai dai ruwa ya so ya yi mana yawa a fadama. Baɗi in ya matsa, zan aiko ka ɗan ɗaure mana shi na kwana uku."

Ilu ya ajiye dutsen guga. Ya sunkuya ya ɗauki bahon ɗauraya da hannu biyu. Rabe ya san taubashinsa, ya zura da gudu, amma bai kai bedi ba ruwan ya same shi.